Kundin aikin Alƙalami, manhajar rubuta kod da nake ginawa a Yamai

Asabar, 11 Janairu 2025

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa rubuta inda aiki ya kwana. Matasa tara nake koya wa harshen kod na Python da yamma a wani ɗaki da muke haya a Bukoki. Kwamfutocinmu shida ne, duka ƴan gwanjo, mafi ƙarfinsu RAM ɗinta giga 2. Manyan manhajojin rubuta kod na zamani, in ka buɗe su a kan irin waɗannan, sai an sha shayin farko kafin su gama tashi. Na gwada ɗora yaran a kan Vim, wanda ni da shi nake aiki, amma wanda jiya-jiya ya fara taɓa madannai, ya danna harafi bai ga ya fito ba, ka ce masa wai yana yanayin umarni ne, gobe ba zai dawo ba. Yanzu nano muke amfani da shi. Ba shi da laifi, sai dai abu biyu nake nema waɗanda ba ya yi mana: mutum ya rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a kan kowace irin madannai, kuma in wuta ta ɗauke aikinsa kada ya bi ta.

Ban fara daga fili ba. Na ɗauki Kilo, ƴar manhajar da Salvatore Sanfilippo ya fitar a 2016, layinta bai kai 1000 ba, da harshen C, kuma lasisinta ya ba kowa damar ya gina a kanta. Na sa wa tawa suna Alƙalami.

Lahadi, 19 Janairu

Gwajin farko na rubuta kalmar ƙasa. Ta fito daidai a allo, amma ƴar sandar da ke nuna inda kake ta tsaya gaba da inda ya kamata da gurbi ɗaya. Na koma baya na goge ƙ, sai rabinta ta tafi, rabi ta zauna a fayil kamar karyayyen haƙori.

Dalili shi ne Kilo bayit yake ƙirgawa, wato ƴan gurabun da kwamfuta ke ajiye rubutu a ciki, yana ɗauka kowane bayit harafi ne. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, haruffan Ingilishi bayit ɗaiɗai ne, amma ƙ biyu ce, C6 da 99. Ke nan ƙasa harafi huɗu ce a ido, bayit biyar a fayil. Sa'ar da aka yi, tsarin yana da tsabta: duk bayit da ke tsakanin 80 da BF wutsiya ne, ba kan harafi ba. Sai na gyara tafiya hagu da dama da gogewa, su riƙa tsallake wutsiyoyi har su kai kai. Kwana huɗu wannan ya ci mini, domin zaton nan na bayit ɗaya harafi ɗaya yana warwatse ko'ina cikin kod ɗin, a nema, a launi, a lissafin faɗin layi.

Ina cikin murna sai na tuna masu rubuta karin sauti. Malaman harshe suna ɗora alama bisa wasali, wasu kuma suna rubuta r̃ don bambanta ra-gare. Wannan r̃ ba ta da gurbi guda a Unicode, jerin da ya ba kowane harafi lambarsa, r ce da wata alama dabam da ake ɗora mata. Ashe matakai uku ne: bayit, sannan lambar Unicode, sannan abin da ido ke gani a matsayin harafi. Na ƙara doka cewa duk alamar da ba ta da faɗi tana tafiya tare da harafin da take kai.

Lahadi, 2 Fabrairu

Madannai. Huɗu cikin kwamfutocinmu AZERTY ne irin na Faransa, biyu QWERTY da suka shigo ta Najeriya. Yaran ba su da wurin zama na dindindin, wanda ya riga zuwa shi ke zaɓa. A da Q sun yi musanyar wuri a tsakanin tsarin biyu, haka Z da W. Wata ɗaliba da yatsunta suka saba da QWERTY ta kai hannu inda ta san Ctrl da A suke, ta faɗa kan Ctrl da Q, wato fita. Da yake ba ta adana ba manhajar ta gargaɗe ta, amma gargaɗin da Ingilishi yake a can ƙasan allo, ta ci gaba da dannawa har taga ta rufe. Layi talatin suka tafi. Ta ce, "Malam, ni ban ce ya fita ba." Gaskiyarta. Yanzu fita sai an amsa tambaya a tsakiyar allo, da Hausa ko Faransanci, kuma amsar ba ta kan madannin da aka danna aka jawo tambayar.

Na haruffa masu lanƙwasa na fara da dabarar Vim, Ctrl da K sannan harafin. Yaran suka ce ya yi tsawo, kuma in ka duba yawan ƙ da ɗ a jimlar Hausa guda ka san ba ƙorafin banza ba ne. Na mayar da shi Alt da k, Alt da d, Alt da b, Alt da y. Tangarɗar ita ce taminal, tagar da ake buga umarni wadda manhajar ke aiki a cikinta, ba ta aiko Alt da kansa, tana aiko alamar Esc ne sannan harafin a bayanta. Dole manhaja ta ɗan dakata ta ga ko wani abu na biye da Esc. Na sa jiran ya zama gajere ƙwarai, yana aiki a duka shidan.

Asabar, 15 Fabrairu

Kuskuren makon nan nawa ne. Na rubuta abin mayar da harafi babba. toupper na C bai san ƙ ba, sai na duba lambobi: ƙ tana 0199, Ƙ tana 0198. ƴ tana 01B4, Ƴ tana 01B3. Na ce ashe rage ɗaya ne kawai, na shimfiɗa wa duka huɗun wannan doka. Wani yaro ya mayar da kalmar ɗaki zuwa manyan baƙaƙe, ya kira ni in ga wani harafi mai wutsiya ƙasa da bai taɓa gani ba. ɗ tana 0257 ne, cikin rukunin haruffan nazarin furuci, babbarta Ɗ kuwa tana can 018A. Rage ɗaya ya kai shi 0256, wato ɖ, wadda Ewe na Togo da Gana suke amfani da ita. Haka ɓ, tana 0253, Ɓ tana 0181. Na cire lissafin, na rubuta jadawali ɗan ƙarami, kowane harafi da babbansa, na kuma sa gwaji da zai bi su ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da na harhaɗa manhajar.

Asabar, 8 Maris

Azumi ya kama, mun mayar da aji bayan asham. Zafi ya fara, ɗaukewar wuta ta ƙaru, kuma uku cikin kwamfutocin batirinsu ya mutu tuntuni, wuta na tafiya suna tafiya.

Daren Laraba abin da nake tsoro ya faru. Ƙaramin cikinsu, wanda ke zuwa a ƙafa daga Lazare, ya yi mako biyu yana rubuta manhajar lissafin bashin shagon babansa. Ya danna adanawa, wuta ta ɗauke a daidai wannan ƙiftawar. Da ta dawo muka buɗe fayil muka tarar da shara a rabinsa. Bai yi kuka ba, ya dai yi shiru yana kallon allon, sannan ya ce, "Malam, ai na adana." Wannan magana ta hana ni barci har sahur, domin ya yi abin da na koya masa, manhajar da na ba shi ce ta ci amanarsa.

Hanyar da na gada ita ce a buɗe fayil ɗin kansa a rubuta sabo bisa tsoho. In aka katse a tsakiya, babu tsoho babu sabo. Na sauya ta gaba ɗaya. Yanzu Alƙalami yana rubuta komai a wani fayil na wucin gadi kusa da na ainihi, ya kira fsync don ya tilasta wa kwamfuta ta sauke shi bisa faifai maimakon ta riƙe a ƙwaƙwalwa tana cewa an gama, sannan ya kira rename ya ɗora sabon bisa sunan tsohon. Sauyin suna a Linux abu ne da ko ya faru ko bai faru ba. Duk inda wuta ta same ka, ɗaya daga biyun yana nan lafiya. Na gwada da hannuna, na sa tsohuwar kwamfutar tana adanawa ba tsayawa, ina zare waya daga bango, sau ashirin. Ba a rasa fayil ba ko sau ɗaya.

Amma a kan ƴar sandar USB labari ya bambanta. Yawancinsu FAT32 ne, tsarin da ba ya riƙe littafin abin da yake cikin yi, kuma a gwaji na sha ɗaya babban fayil ɗin da ke ɗauke da sauran ya rikice. Na kafa doka a aji: a yi aiki bisa faifan kwamfuta, a kwafa zuwa sanda in za a tashi.

Mun zauna da yaron dare biyu, ya sake rubuta abinsa daga abin da ya tuna da abin da ya rage. Ya fi na farko tsari, amma ba ta wannan hanya nake so ya koya ba.

Asabar, 22 Maris

Adanawa lafiya rabin magani ne. Saura abin da aka rubuta tun adanawar ƙarshe. Vim ya daɗe da warware wannan da fayil ɗinsa na gefe, wanda yake sabuntawa bayan haruffa 200 ko in hannu ya huta daƙiƙa 4. Na yi kwanaki ina karanta yadda Bram Moolenaar ya yi shi. Mutumin ya fitar da Vim a 1991, ya riƙe shi har rasuwarsa a Agustan 2023, kuma shekaru da dama in ka buɗe manhajar saƙon da ke tarbarka roƙo ne a taimaki yara marasa galihu a Yuganda. Ina yawan tuna wannan in na gaji.

A lokaci guda yaran suna ta neman maɓallin warwarewa, wanda zai mayar da abin da aka goge bisa kuskure, don Kilo ba shi da shi. Na ɗauka ayyuka biyu ne a gabana. Ina duba hanyoyin riƙe rubutu a ƙwaƙwalwa sai na ga ashe guda ne. Emacs, wata manhajar rubuta kod, yana riƙe rubutun a dunƙule da rami a inda ake rubutu, ramin yana bin hannunka. Akwai kuma wadda ake kira jadawalin gutsattsari, wadda VS Code ya koma wa wani nau'inta a 2018. A wannan, ba a taɓa fayil na asali sam. Duk abin da ka rubuta ana jera shi a ƙarshen wata ma'ajiya ta biyu, ba a goge komai a ciki, sai wani jadawali ya ce ɗauko daga nan zuwa nan na asali, ɗauko kaza na sabo, koma na asali. Kamar littafin bashin mai shago ne: ba ya kankare abin da ya rubuta jiya, ƙasa yake ƙara layi, an biya kaza, an ƙara kaza. In kana son sanin yadda lissafi yake shekaranjiya, sai ka tsaya da karatu a layin shekaranjiya. Wannan ita ce warwarewa. In kuma wannan littafi yana sauka bisa faifai kowace daƙiƙa biyu, to shi ne kuma abin da za a farfaɗo da shi bayan wuta ta dawo.

Hakan na nufin rushe cikin manhajar in sake gini, tunda yanzu layi-layi take riƙe rubutu. Na yanke shawarar yi. Ba sabon abu da zan karɓa sai na gama.

Asabar, 5 Afrilu

An yi salla lafiya. Sabon ginin ya kai rabi. Buɗewa da rubutu suna aiki, nema bai dawo ba tukuna.

Kundin tafiyar da ƙasa da hukumomin Nijar suka fitar a ƙarshen Maris ya sanya Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. A fada ba a maganar komai sai ita. A aji kuwa wani ɗalibina Bazabarme, ɗan Harobanda da ke tsallako gadar Kennedy kullum, ya jira kowa ya fita sannan ya ce, "Malam, namu haruffan fa?" Na ji nauyin tambayar. A Yamai muke, garin da Zabarmanci ke ko'ina, na yi wata uku ina gyara wa haruffa huɗu wurin zama ban tuna ŋ da ɲ da wasulan hanci irin su ã ba. Nan garin aka yi taron UNESCO na 1978 kan baƙaƙen rubuta harsunan Afirka, kuma a 1999 ma'aikatar ilimi ta tsayar da ƙa'idar rubutu ga Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, ba ga ɗaya kaɗai ba. Na cire jerin haruffan daga cikin kod na mayar da shi fayil na saiti da kowa zai iya ƙara wa layi. Shi ya rubuta na Zabarmanci da hannunsa a daren, ya kuma ɗauki fassarar saƙonnin manhajar.

Lahadi, 27 Afrilu

Sabon ginin ya tsaya da ƙafafunsa. Warwarewa tana aiki kalma-kalma. Na sake gwajin zare waya, abin da aka rasa mafi yawa rabin layi ne. Ranar Alhamis wuta ta ɗauke sau uku cikin awa biyu, ana zufa ana fifita da littafi, kuma duk dawowarta manhajar ta tambayi kowa ko ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ba wanda ya kira ni.

Da na buɗe ƙofar buƙatu sai suka zubo. Launin kalmomin Python na yi shi a yini ɗaya. Lambar layi a gefe, minti talatin. Fayilolin da aka kawo daga Windows suna nuna wata alama a ƙarshen kowane layi, saboda can layi yana ƙarewa da alama biyu, ta mayar da keke farkon layi da ta sauka ƙasa, gadon injinan buga rubutu na da irin na masu rubuta wa mutane takarda a bakin ma'aikatu. Yanzu Alƙalami yana gane wanne fayil ya zo da shi, ya mayar masa da abinsa in zai adana. Mai son a sa linzami ya yi aiki, da mai son tagogi biyu gefe da gefe, na ce su dakata.

Asabar, 10 Mayu

Makon alhamza ne, wato ƴar waƙafin sama da ke cikin sana'a da ma'aikata. Sun nemi in an buɗe alamar zance manhaja ta rufe da kanta. Na yi. Sai ga shi duk wanda ya rubuta jama'a a cikin sharhi yana samun waƙafi biyu. Na gyara: in harafi ne ke gabanta, ba a rufewa. Tsallen kalma ma yana yanka sana'a gida biyu, shi ma na ba shi doka dabam a cikin sharhi da zance.

Wadda ba zan iya gyarawa ba ta Python ce. In ka rubuta print('sana'a') zai ƙi, domin a wurinsa zancen ya ƙare a waƙafi na biyu. Abin da manhajar za ta iya shi ne ta nuna da launi cewa zancen ya yanke, ni kuma na koya musu amfani da alamar zance mai biyu. A nan ƙa'idarmu ta Nijar ta yi mana rana. Mu ƴaƴa muke rubutawa, a Najeriya 'ya'ya, tamu ba ta karya kod. Python 3 kuma yana karɓar haruffanmu a sunaye, ƙidaya = 0 yana tafiya lafiya lau. Ranar da na nuna musu, wata ta sauya sunayen manhajarta duka zuwa Hausa, kuma a karon farko ta yi mini bayanin abin da ta rubuta ba tare da ta tsaya neman kalma ba.

Nema yanzu kashi biyu ne. Na kod ba ya sassauci, k ba ƙ ba ce, tunda kafa da ƙafa, bata da ɓata, ba abu ɗaya ba ne. Na biyu mai sassauci ne, don rubutun da aka kwaso daga intanet inda rabin mutane ba sa lanƙwasa harafi: ka nemi kasa ya kawo har ƙasa, ka nemi ƴ ya kawo 'y.

Asabar, 24 Mayu

Wani malami da ke koyarwa a Tawa, wanda ƙanena ya tura wa manhajar, ya kira ni. Bayan gaisuwa mai tsawo ya ce abu biyu yake so, Tifinag, wato rubutun Buzaye, da ajami. Na farko mai sauƙi ne. Tifinag ya shiga Unicode a 2005, kowane harafi bayit uku, kuma aikin Janairu ya riga ya share masa hanya. Abin da ya rage a sa masa zanen haruffan a kwamfutarsa, na tura masa Noto Sans Tifinagh.

Ajami kuwa na ce masa, "Malam, ka yi mini haƙuri, ba bana ba." Yana tafiya dama zuwa hagu, harafi yana sauya kama bisa ga maƙwabtansa, wasula suna hawa sama da ƙasa, kuma in ya haɗu da kod a layi ɗaya sai an bi dogon tsarin Unicode na jera rubutu mai fuska biyu. Yawancin tagogin taminal ba sa yin wannan, ko na rubuta nawa ɓangaren daidai su za su watsa shi. Ba daɗi na ji ba. Da ajami na fara karatu a makarantar allo, kuma na san irin rubuce-rubucen da ke ajiye a cibiyar IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni, waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa. Abin da na yi masa alkawari shi ne manhajar ba za ta ɓata masa fayil ba: ya buɗe mai ajami, ya gyara kod ɗin da ke kewaye, ya adana, kowane bayit na ajamin ya fita yadda ya shiga. Na sa wannan cikin gwaje-gwaje, da shafi guda da ya turo.

Asabar, 14 Yuni

Bayan babbar salla aji ya dawo, mun zama goma sha ɗaya. Hadari ya fara haɗuwa da yamma, iskar da ke gabansa tana kawo ƙura da ɗaukewar wuta tare.

Sababbin biyun sun tono abin da na kwana da shi tun Janairu. Sunan manhajar yana da ƙ, amma kafin ka buɗe ta kana taminal ne, inda Alt da k ɗina ba ya aiki. Tun farko alkalami muke bugawa, ba lanƙwasa. Na sa sunayen biyu su buɗe ta, amma gyaran gaskiya shi ne haruffan su koma cikin tsarin madannan Linux ɗin kansa, ta yadda za su fito a ko'ina, har a burauza. Na fara karanta fayilolin XKB, inda Linux ke ajiye tsarin madannai. AltGr, wato Alt na dama, a AZERTY cike yake a layin lambobi, can { da [ da # da @ suke, kuma mai rubuta kod ba zai iya rabuwa da ko ɗaya ba, don haka sai na bi layukan haruffa in ga waɗanne gurabe za a iya karɓewa ba tare da an taɓa Faransanci ba.

Akwai kuma matsala ɗaya da ban gano kanta ba. In aka warware gogewar da ta haɗa layi biyu, kuma layin farko ya ƙare da harafi mai alama a kai, ƴar sandar tana sauka gurbi ɗaya hagu. Rubutun bai lalace ba, wurin tsayawar ne. Ɗan Harobanda ne ya gano ta da kalmar Zabarmanci, ya rubuta mini matakan a takarda ɗaya bayan ɗaya. Na ba shi kod ɗin ɓangaren ya tafi da shi gida, ranar Talata za mu zauna a kai tare kafin sauran su iso.